Waɗanda Suka Tuɓe Takalmi a Ƙofar Biro

Samarin yanzu, duk wanda ya tsinci Faransanci kaɗan ya haɗa da Dendanci da Hausa sai ya ce shi tafinta ne. Ina ganinsu a bakin gada suna raka 'yan kasuwar Kamba da Birnin Kebbi wurin duwan, wato kwastan, su yi magana biyu su karɓi na goro. Ban raina musu ba, neman abinci ne. Amma tun da jikokina da abokansu sun matsa in rubuta yadda aikin yake a zamaninmu, zan ba su labarin ranar da na tsaya tsakanin wani tsoho mai suna Gado da wani kaftin da aka turo daga kudu, wanda zai yanke ko a ɗaure tsohon a matsayin madugun tawaye ko a sake shi ya koma gonarsa. Sai dai ba za a gane wannan rana ba sai an san sana'ar.

A nan Malanville aka haife ni. Mahaifina fatauci yake yi, shanu zuwa kudu, goro zuwa arewa, don haka tun ban yi gemu ba na san Kumasi da Lome da Yamai da Sakkwato. Na yi lakwal, wato makarantar boko, a Kandi, can na sami Faransanci. Dendanci na sha a nono, Hausa a kasuwa, Zabarmanci a Gaya, Fulatanci a bayan shanu. Bayan an ba ƙasa 'yanci aka ɗauke ni in taimaka wa Mushe Sambo (mushe kamar malam ne a Faransanci), tsohon tafinta tun zamanin Nasara, a gidan aikin gwamnati da muke kira biro.

Abin da Mushe Sambo ya fara koya mini ba magana ba ce, wurin tsayuwa ne. Ya ce kada in tsaya kusa da kwamanda, wato babban jami'in gwamnati na gari, mutane za su ɗauke ni yaronsa su ɓoye rabin cikinsu. Kada kuma in tsaya kusa da mai kawo kuka, kwamanda zai ɗauka an saye ni. Sai in ja baya kaɗan, gefe guda, yadda su biyun za su riƙa ganin fuskar juna. Ba ya barin a ci goro lokacin aiki. A aljihunsa kullum akwai kanumfari da citta saboda maƙogwaro, ya ce maƙogwaro shi ne fartanyarmu. Rigarsa ba ta kai ta attajiri ba, ba ta kuma yi kama da kakin ma'aikata ba. Keke ɗaya muke rabawa zuwa ƙauyuka. Lasifika mai batir sai daga baya ta zo, bayan ya rasu.

Na tuna wata shari'a a Madécali, tsakanin wani Bafillace da mai gonar albasa. Shanu sun shiga sun tattake komai. Bafillacen ya fusata, ya dubi kwamanda ya ce masa kansa kamar tulun da aka manta a rana. Mushe Sambo bai ko ɗaga gira ba, ya juya maganar cikin Faransanci daidai yadda take, da murya irin ta mai karanta farashin gero. Kwamanda ya shafa sanƙonsa, ya yi dariya, ya ci Bafillacen tara saboda albasa, bai ci shi saboda tulu ba. A hanyar komowa Mushe Sambo ya ce mini zagin ba nawa ba ne, don haka ba ni da ikon ɓoye shi, kamar yadda ba ni da ikon ƙara masa gishiri. Ya kuma hana ni cewa "ya ce". In mutum ya ce "ni", tafinta ma "ni" zai ce. In ka ce "ya ce", ka fita daga maganar ka koma ɗan kallo, masu sauraro kuma za su fara neman ra'ayinka a fuskarka.

Na ga yadda ake yi a wurare da dama. A ƙasar Kebbi alƙali da talaka harshensu ɗaya, tafinta ba shi da kasuwa sosai. A Kumasi sarki yana da mai magana da sanda ko da kowa yana jin kowa, don girma ne. Mu a nan, gwamnati da mutanen kwarin kogi ba su da harshe ɗaya ko kaɗan. Ma'aikatan daga kudu ake kawo su, kuma a shekarun nan na juyin mulki, kafin ka saba da tarin wani kwamanda an canza shi. Duk sabon da ya zo, ta bakinmu yake jin ƙasar.

Mummunar shekarar ta zo ne a zamanin soja, bayan an canza wa ƙasa suna, lokacin da babba da yaro kowa kamarad ake ce masa, wato abokin gwagwarmaya. Damina ta yi gardama, kogi ya ja baya har yara suna wasa inda jirage ke wucewa a da. Akwai wani biro na gwamnati da ke kula da injinan ban ruwa na gonakin shinkafa. Ba zan faɗi sunansa ba, an daɗe da rushe shi. Man inji ya yi ƙaranci, sai aka kashe injin da ke bai wa wani ƙauye ƙasa da Garou ruwa. Mutanen sun riga sun yi dashe. Ƙasa ta fara tsagewa a gindin shinkafa. Sun aiko mutum biyu, aka ce darakta ba ya nan. Sun sake aikowa, aka ce ana jiran amsa daga sama.

Gado shi ne babban manoman ƙauyen. Abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Mutum ne marar yawan magana, wanda in ana gardamar iyakar gona shi ake kira ya nuna inda tsohon kututture yake. Da ya ga aike bai yi ba, sai ya ce kowa ya tashi, har da mata, a je a roƙi darakta ido da ido. Ya hana a riƙo ko sandar kiwo. Abin da suka riƙo kawai shinkafar da ta bushe, kowa ya tumɓuko damƙi ɗaya don a gani.

Labarin tahowarsu ya riga su isowa, kuma ya yi girma a hanya. Darakta saurayi ne ɗan kudu, ba mugu ba ne, man ne ba shi da shi. Ya ji an ce ƙauye guda ya taso masa, ya kulle kansa a ciki ya nemi a kawo jandarmomi. Aka turo 'yan kaɗan daga wani gari, ƙarƙashin wani ajidan, ƙaramin hafsa, da bai daɗe a arewa ba. Ni kuma aka aiko ni da lasifika. Harabar biron katanga ce gajera, ƙyauren ƙofar ya daɗe da karyewa. Ajidan ya ja layi da dugadugan takalminsa a bakin ƙofar, ya jera mutanensa a cikin fili, ya ce umarnin da aka ba shi ɗaya ne, kada taro ya shiga gidan gwamnati.

Da hantsi suka iso, babu waƙa babu ihu. Gado yana gaba, a damansa ɗan ƙanensa Idi, magidanci mai 'ya'ya ƙanana. Ajidan ya yi gargaɗi yadda dokarsu ta ce, a watse ko a yi amfani da ƙarfi. Na juya shi cikin Dendanci da Hausa, da ƙarfi, ban rage komai ba. Ina so a san wannan, domin daga baya wasu sun ce mutanen ba su ji ba. Sun ji sarai.

Abin da ya faru al'ada ce. A wurin mutanen kwari, wanda ya tsaya a waje yana ɗaga murya a ƙofar babba shi ne marar kunya, shi ne ɗan tawaye. Mai roƙo shiga yake yi. Yana tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya shiga, ya durƙusa, ya jira. In babba ya ce a tafi, ba a tafiya, ƙara ƙanƙan da kai ake yi, domin korar farko ba amsa ba ce, gwada nauyin kukanka ake yi. Haka suke yi wa sarakunansu, haka suka yi wa Nasara, kuma yakan yi aiki. Da suka ji gargaɗi, sai Gado ya sunkuya ya tuɓe takalminsa. Na bayansa duk suka yi haka.

Na gaya wa ajidan cewa shiga za su yi su zauna, roƙo ne. Ya ce bai ƙaryata ni ba, amma ba a ba shi umarnin ya duba dalilin shiga ba. Ya sake gargaɗi, na sake juyawa. Na ƙara da muryata, ba ta lasifika ba, na ce, "Baba, ku tsaya nan, mutanen nan ba su san wannan ba." Gado ya ce, "Ɗana, a waje za mu tsaya kamar masu bin bashi?" Ya taka layin. Na baya ba su ga abin da ke faruwa a gaba ba, suka yi ta matsowa, ƙofar ta cika. Ajidan ya yi gargaɗi na ƙarshe, ya ba da umarni a harbi ƙafafu.

Ba a daɗe ana harbin ba. Da ƙura ta lafa, mutane sun watse, takalma sun cika bakin ƙofa, shinkafa busasshiya ta bazu a fili. Waɗansu sun ji rauni. Idi yana kwance, harsashi ya same shi a ƙirji, kafin a kai shi likita ya cika. Gado ko ƙwarzane bai yi ba. A nan inda yake aka sa masa ankwa.

Ba da jimawa ba aka turo kaftin ya yi bincike. Mutum ne mai furfura kaɗan, mai haƙurin sauraro. A barandar biron aka zauna, da rana, filin yana gabanmu. A zamanin nan wanda aka kira madugun tawaye aka kai shi kudu, iyalinsa ba su cika sake ganinsa ba, balle tsoho. Kowa a wurin ya san haka, Gado ma ya sani. Na tsaya inda aka koya mini, baya kaɗan, gefe guda.

Ajidan ya fara magana, kuma ba maganar banza ya yi ba. Ya ce mutanensa ba su da yawa, taron ya ninka su nesa. Ya ce da an kewaye su an ƙwace bindiga ɗaya, da gawa ta fi haka. Ya ce a garin da ya baro ya ga taro ya shiga gidan gwamnati hannu wofi, kafin azahar an cinna wa gidan wuta. Ya ce jandarma ba ya iya karanta zuciyar mutum, ƙafarsa kawai yake gani, ta tsallaka ko ba ta tsallaka ba. Duk wannan na juya wa Gado cikin Dendanci, ina cewa "ni". Na dubi tsohon na ce masa, "Ni na ba da umarni a yi harbi, kuma in aka sake sa ni a wurin, haka zan yi." Wannan shi ne aikin. Wanda yake ganin tafinta sauƙi ne ya gwada faɗin haka ga abokin ubansa ba tare da muryarsa ta canza ba.

Abu ɗaya ya tsaya wa kaftin a wuya. Ajidan ya rantse ƙafafu ya ce a harba, jandarmomin ma sun rantse ƙasa suka saita. To, me ya kai harsashi ƙirjin Idi? Ko dai jandarmomin ƙarya suke yi, ko kuma Idi ya sunkuyo ne zai kai wa wani cafka. In na biyun ne, to hari aka kai, kuma Gado ne ya jagorance shi. Kaftin ya yi ta juya tambayar. Ya tambayi Gado ko Idi mai zafin rai ne, ko sun yi shawarar ƙwace makami. Gado ya ce a'a, bai ƙara komai ba. Na ga kaftin ya fara gajiya, kuma gajiyar mai bincike ba ta yi wa wanda ake tuhuma kyau.

Sai Gado ya ce shi bai iya bayani ba, amma in an yarda zai nuna yadda suka shigo. Kaftin ya sa aka cire masa ankwa. Tsohon ya sauka daga baranda, ya fita har bakin ƙofa. Ya tuɓe takalmin da aka ara masa ya ajiye gefe. Ya shigo a hankali, ya ɗan taka kaɗan, sannan ya durƙusa, gwiwa ɗaya a ƙasa, kai a sunkuye, hannu biyu a miƙe kamar mai riƙe da damƙin shinkafa. Ya zauna haka bai motsa ba.

Kaftin ya tashi ya je ya tsaya inda jandarmomin suka tsaya. Yana da 'yar sanda a hannu. Ya miƙa ta daidai tsayin gwiwar mutumin da ke tsaye, ya bi ta da ido. Bakin sandar ƙirjin Gado ya nuna. Ajidan ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Daga baya ya ce shi ya ga na gaba suna yin ƙasa, ya ɗauka shirin zabura suke yi.

Hukuncin da kaftin ya yanke kashi biyu ne, kuma ni na faɗa wa Gado duka biyun da bakina. Na ce, "Na gamsu ba ku zo da faɗa ba. Ba ka da laifin tawaye, ka koma gida." Sannan na ce, "Na kuma gamsu an yi harbin bisa doka, domin an yi gargaɗi kun ji, kuka tsallaka." Gado ya saurara har ƙarshe. Ya ce in tambayi kaftin, tun da su ba su da laifi, masu harbi ma ba su da laifi, wa zai gaya wa 'ya'yan Idi ya kashe ubansu? Na juya. Kaftin ya ce wannan ba ta cikin abin da aka aiko shi ya bincika. Na juya wannan ma.

Gado ya sake cewa, "To tambaye shi, in mun sake samun kuka, ina za mu tsaya?"

Kaftin ya ce a waje.

"A waje," in ji Gado. "To, mun ji."

Ya sa takalminsa ya tafi. An canza wa ajidan wurin aiki, darakta ma ya nemi a mayar da shi kudu. Man inji ya zo bayan shinkafar ta gama mutuwa.

Samari kan tambaye ni ko harbin ya halatta, tun da na ga abin da idona. Na yi yawo, na ga taro iri-iri. A wata ƙasa da na ratsa a hanyar Makka na ga mutane sun nufi gidan haraji da galan na fetur, da ma'aikaci a ciki. Da a ce mai gadin wurin ya yi harbi don ya ceci ran mutumin nan, ba zan zarge shi ba. Ran mutum ake karewa da bindiga. Amma a filin nan namu babu ran da ke cikin haɗari sai na waɗanda suka shigo. Abin da aka kare layi ne da aka ja da takalmi, da ɗaki mai tebur da kujera. Ajidan ya ce jandarma ƙafa kawai yake gani. Ni na ce yana da idon ganin hannu ma, kuma hannuwan nan shinkafa suka riƙo. Tsoron abin da taro zai iya yi bai kai abin da taro ya yi ba, kuma ba a kashe mutum a kan na farkon. Akwai abubuwa da yawa kafin harsashi. Da an gyara ƙyauren ƙofa an rufe. Da darakta ya fito baranda ya ce babu mai, da sun yi kuka sun koma. Da an bar su sun zauna a filin har rana ta kore su. Dokar da ta ce gargaɗi ya wanke mai harbi an rubuta ta ne a ƙasar da in an ce wa mutum tafi yake tafiya. Waɗanda suka kawo ta nan ba su tambayi yadda mutanen nan suke roƙo ba.

Na ci gaba da aiki shekaru masu yawa bayan haka. Gab da ƙarshen mulkin soja, lokacin da albashi ya daina zuwa kuma ƙasa duk ta ɗauki zafi, mutanen ƙauyen nan suka sake samun kuka, wannan karon a kan rabon filaye. Sun je wurin Gado, ya tsufa ƙwarai, suka ce ya shige musu gaba. Ya ce shi hanya ɗaya ya sani ta zuwa wurin babba, kuma an ce ba a son ta, don haka su je su yi yadda aka ce. Sauran dattawan ma suka zauna a gida.

Aka sake kirana da lasifika. Na tarar da su a waje, nesa da ƙofar biron nan, babu wanda ya kusanci inda aka taɓa jan layi. Samari ne zalla, kowa da takalminsa a ƙafa, da yawansu da dutse a hannu. A cikinsu na gane babban ɗan Idi, ya zama mutum. Sabon kwamanda ya ce in gaya wa shugabansu ya matso a yi magana. Na faɗa cikin Dendanci, na faɗa cikin Hausa. Na duba gaban taron ina neman wanda zan juya wa magana, babu kowa a gaba. Dutse na farko ya faɗo a kan kwanon baranda ina riƙe da lasifikar.